Yadda ake hana Emacs bi ta furoksi idan zai shiga sabobin cikin gida

Masu aiki da Emacs, manhajar gyara rubutu, a ofisoshi da jami'o'in da ba a fita intanet sai ta furoksi, wato sabar da ke tsakani tana miƙa buƙatunsu zuwa waje, sun sha aiko da tambaya iri ɗaya. Bayan mutum ya saita furoksi, sauke ƙunshi, wato ƙarin kayan aikin Emacs, daga elpa.gnu.org ko melpa.org yakan yi aiki lafiya, amma da zarar ya nemi buɗe shafin wata saba ta cikin ofis, ko wata manhaja da yake gwadawa a `localhost`, wato a kan kwamfutarsa, sai furoksin ya dawo masa da kuskuren 403 ko 503. Dalili shi ne Emacs yana miƙa wa furoksin kowace buƙata, har da waɗanda ya kamata su tafi kai tsaye. Maganin shi ne layin `no_proxy`, wanda ke faɗin sabobin da ba za a bi ta furoksi zuwa gare su ba, sai dai a Emacs wannan layin ba jerin sunaye ba ne da ake rabawa da waƙafi kamar yadda aka saba a wasu manhajoji. Rejeks ne guda ɗaya, wato tsarin alamomi da ake kama rubutu da shi, kuma kuskure a cikinsa ba ya cika yin ƙara, shi ya sa gwaji ya fi rubutun kansa muhimmanci.

Abin da za ka tanada

Kana buƙatar Emacs 26.1 ko wanda ya biyo bayansa, domin daga wannan fitowar ta 2018 ne ya iya bi da HTTPS ta cikin furoksi. Kana buƙatar sunan furoksin da lambar ƙofarsa daga wajen mai kula da netwok ɗinku; idan furoksin Squid ake amfani da shi yawanci 3128 ce, wasu wuraren kuma 8080. Ba za ka kashe ko kwabo ba, kuma yawancin gwajin ba ya taɓa intanet, don haka ba ya cin data. A misalan da ke ƙasa an yi amfani da `ofis.example` a madadin sunan yankin wurin aikinka, sai ka musanya shi da naku.

1. Duba abin da Emacs yake riƙe da shi yanzu

Kafin ka rubuta komai, danna `M-:` (M na nufin maɓallin Alt, C kuma Ctrl) ka shigar da `(require 'url)`, sannan ka danna `C-h v` ka rubuta `url-proxy-services`. Wannan shi ne ma'ajin da furoksi da keɓe-keɓensa duka suke zaune a ciki. Daga nan ka sake danna `M-:` ka duba `(getenv "no_proxy")` da `(getenv "NO_PROXY")`, domin idan babu layin `no_proxy` a cikin ma'ajin, Emacs yakan ɗauko shi daga saitin muhallin kwamfuta a karon farko da ya nemi fita waje. Yana mayar da kowane waƙafi zuwa alamar zaɓi `\|` mai nufin "ko", ya tsare ɗigo, ya mayar da tauraro zuwa `.*`, ya zubar da sarari, amma ba ya ɗaure farko ko ƙarshen sunan.

Gargaɗi: idan jerin da ke cikin muhallin ya ƙare da waƙafi, misali `localhost,10.*,`, rejeks ɗin da zai fito yana da zaɓi na ƙarshe wanda babu komai a cikinsa, kuma zaɓin da ba shi da komai yana kama kowane suna. Sakamakon shi ne babu buƙatar da za ta bi ta furoksi ko ɗaya. Haka kuma rubutu irin `10.0.0.0/8` ba shi da amfani a nan, domin Emacs zai nemi waɗannan haruffan ne kamar yadda suke, har da sandar da lambar 8, kuma babu sunan saba da ke ɗauke da su.

Ka kuma lura cewa Emacs ɗin da aka buɗe daga jerin manhajoji na allo sau da yawa ba ya ganin abin da aka rubuta a `.bashrc`, alhali wanda aka buɗe daga tamina, wato tagar rubuta umarni, yana gani. Wannan shi ne dalilin da ya sa saiti kan yi aiki yau ya ƙi gobe a kwamfuta ɗaya, kuma shi ne babbar hujjar rubuta komai a fayil ɗin Emacs maimakon dogaro da muhalli.

2. Gano fayil ɗin da ake karantawa

Shigar da `user-init-file` a `M-:` ka ga amsar. Tana iya zama `~/.emacs`, ko `~/.emacs.d/init.el`, ko kuma `~/.config/emacs/init.el` ga masu Emacs 27.1 zuwa sama. Fayil ɗin da ya nuna maka shi kaɗai za ka gyara. Ka kwafi ajiyarsa da wani suna kafin ka taɓa shi, sannan ka bincika ko akwai `url-proxy-services` a cikin sashen `custom-set-variables`, domin idan yana can ƙasan fayil zai shafe duk abin da ka rubuta a sama.

3. Rubuta jerin da harshen mutane tukuna

Ɗauki takarda ka raba jeri biyu: waɗanda dole su tafi kai tsaye, da waɗanda dole su bi ta furoksi. A jeri na farko yawanci za a samu `localhost`, adireshin da suka fara da 127, yankin ofis da duk rassansa, da kuma adireshin cikin gida da takardar ƙa'ida ta RFC 1918 ta ware tun 1996, wato masu farawa da 10, masu farawa da 192.168, da waɗanda ke tsakanin 172.16 da 172.31. A jeri na biyu ka saka sunayen waje da kake amfani da su, kuma ka ƙara da gangan wasu da suka yi kama da na cikin gida amma ba su ba ne, kamar `104.16.0.1`, `172.32.0.1`, `cdn10.example.net` da `baofis.example`. Jeri na biyun nan shi ne zai tona asirin rejeks mai sako-sako, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa.

Gargaɗi: Emacs yana gwada rejeks ɗin ne da sunan saba kaɗai. Ya riga ya cire `http://`, ya cire lambar ƙofa, ya cire duk abin da ya biyo bayan sandar farko, don haka rubuta `localhost:8000` ba zai taɓa kama komai ba. Ba ya kuma tambayar DNS, tsarin da ke mayar da suna zuwa adireshin lamba, kafin ya yanke hukunci. Idan `wiki.ofis.example` tana zaune a 10.2.0.7, ka'idar adireshin 10 ba za ta kama ta ba muddin da suna ka kira ta. Dole sunan ya samu nasa wurin a jerin.

4. Fahimci ninkin sandar baya

A nan ne mafi yawan aikin yake lalacewa, don haka ya dace a tsaya a kai. Rubutun da ka sa tsakanin alamun zance yana wucewa ta hannu biyu. Mai karanta Lisp (harshen da ake rubuta saitin Emacs da shi) ne yake fara karɓa, kuma yana cinye sandar baya `\` guda ɗaya daga kowane wuri, sannan ya miƙa ragowar ga injin rejeks. Domin sanda ɗaya ta isa ga injin, dole ka rubuta biyu.

A rejeks, ɗigo tsirara yana nufin kowane harafi. Ɗigo na gaskiya shi ne `\.`, wanda a cikin fayil zai zama `"\\."`. Idan ka rubuta `"\."` da sanda ɗaya, abin da zai isa ga injin shi ne ɗigo tsirara, kuma Emacs zai ci gaba da aiki kamar babu abin da ya faru. Haka nan Emacs ya saɓa wa Python da JavaScript wajen baka da alamar zaɓi: a wurinsa `(` da `|` haruffa ne na yau da kullum, masu aikin haɗawa da zaɓi su ne `\(`, `\)` da `\|`, waɗanda a fayil ake rubuta su `"\\("`, `"\\)"` da `"\\|"`. Wanda ya kwafo `"^(localhost|127.0.0.1)$"` daga wani wuri ya samu rejeks da ke neman suna mai baka da tsayayyar sanda a cikinsa, kuma babu irin wannan sunan.

Gargaɗi: babu `\d` a rejeks ɗin Emacs. Idan ka rubuta `"\\d"` harafin d kawai zai kama, idan kuma ka rubuta `"\d"` mai karanta Lisp zai mayar da shi alamar gogewa mai lamba 127. Lamba ana rubuta ta `[0-9]`. A cikin irin wannan baka mai kusurwa ɗigo ba ya buƙatar sanda, saboda haka `[0-9.]` na nufin lamba ko ɗigo.

5. Ɗaure farko da ƙarshe

Emacs yana neman dacewa ne a ko'ina cikin sunan, ba lallai sunan duka ba. Misalin da ya fi yawo a tsakanin masu kwafe-kwafe shi ne `"^\\(localhost\\|10.*\\)"`, kuma yana da rami: `10.*` na nufin 1, sai 0, sai komai, don haka zai kama `104.16.0.1` da `101.0.0.1`, waɗanda adireshin waje ne. Idan aka cire `^` ma abin ya fi muni, domin duk sunan da ke da 10 a cikinsa zai faɗa ciki.

Farkon rubutu a Emacs shi ne `` \` `` kuma ƙarshensa `\'`. Alamun `^` da `$` suna aiki su ma tunda sunan saba layi ɗaya ne, amma na farkon su ne daidai ga wannan aikin kuma su na fi so a saba da su. Abu mafi muhimmanci shi ne a tattara duk zaɓuɓɓukan cikin baka ɗaya kafin a ɗaure. A `"\\`localhost\\|10\\.1"` ɗaurin ya tsaya ga `localhost` kaɗai, zaɓi na biyu kuma a sake yake. Tsarin da ya dace shi ne ``"\\`\\(?: … \\)\\'"``, inda `\\(?:` yake buɗe baka mai haɗawa kawai.

6. Gina guntu-guntu

Kada ka rubuta dogon layi ɗaya. Kowane nau'in adireshi ya samu guntunsa, Emacs ya haɗa su:

```
(let ((jeri '("localhost"
              "\\[::1\\]"
              "127\\.[0-9.]+"
              "10\\.[0-9.]+"
              "192\\.168\\.[0-9.]+"
              "172\\.\\(?:1[6-9]\\|2[0-9]\\|3[01]\\)\\.[0-9.]+"
              "\\(?:.+\\.\\)?ofis\\.example")))
  (setq url-proxy-services
        `(("no_proxy" . ,(concat "\\`\\(?:"
                                 (mapconcat #'identity jeri "\\|")
                                 "\\)\\'"))
          ("http"  . "furoksi.ofis.example:3128")
          ("https" . "furoksi.ofis.example:3128"))))
```

Layin 172 ya fi sauran tsawo ne saboda rejeks bai san girman lamba ba, haruffa kawai yake gani. Shi ya sa aka raba tsakanin 16 da 31 gida uku: 16 zuwa 19, 20 zuwa 29, sai 30 da 31. Masu gajerce hanya da `172\\.` suna fitar da adireshin waje masu yawa daga furoksi ba tare da sun sani ba.

Layin yankin ofis yana cewa: ko dai sunan shi ne `ofis.example` daidai, ko kuma wani abu ya gabace shi da ɗigo a tsakani. Ta haka `wiki.ofis.example` da `git.lab.ofis.example` za su shiga, `baofis.example` kuma ba zai shiga ba, sannan ɗaurin ƙarshe ya hana `ofis.example.wani.net` yin shigar burtu. Adireshin IPv6 kuwa yana zuwa da bakansa mai kusurwa kamar yadda ake rubuta shi a adireshi, shi ya sa aka sa `\\[::1\\]`. Ka rubuta dukkan sunaye da ƙananan haruffa.

Gargaɗi na farko: alamar da ta buɗe jerin `url-proxy-services` a sama karkatacciya ce, `` ` ``, ba miƙaƙƙiyar `'` ba. Ita ce take ba waƙafin da ke gaban `(concat` damar aiki. Idan ka sa miƙaƙƙiya, ma'ajin zai riƙe umarnin kansa maimakon rubutun da umarnin ya kamata ya haifar, kuma buƙata ta farko za ta tsaya da `Wrong type argument: stringp`.

Gargaɗi na biyu: kada ka sa `http://` a gaban sunan furoksin. Emacs da kansa yake liƙa shi, kuma idan ka riga shi sai ya zama biyu. Ka kuma lura cewa layin `"https"` daban yake da na `"http"`. Wanda ya manta shi zai ga ELPA, wato elpa.gnu.org, ta ƙi buɗewa, tunda ta HTTPS ake zuwa can.

Wasu ofisoshi suna kiran sabobinsu da gajeren suna marar ɗigo, kamar `wiki` ko `git`. Idan haka ne ka ƙara `"[a-z0-9-]+"` a jerin. Ka guji `"[^.]+"` wanda wasu ke sawa, domin adireshin IPv6 na waje ma ba shi da ɗigo, kuma zai shige tare da su.

7. Idan sandunan sun yi maka yawa, koma ga rx

Emacs yana da `rx`, wanda ake bayyana rejeks da kalmomi, shi kuma ya samar da sandunan. Duk rubutun da ka sa masa tsakanin alamun zance yana ɗaukarsa kamar yadda yake, ɗigo ya zama ɗigo:

```
(rx bos
    (or "localhost"
        (seq (or "127." "10." "192.168.") (+ (any "0-9.")))
        (seq (opt (+ nonl) ".") "ofis.example"))
    eos)
```

Ana sa wannan ne a madadin `(concat …)`, da waƙafinsa a gaba kamar yadda yake a mataki na 6, sai ka ƙara masa layin 172 idan kuna amfani da shi. Ga wanda zai bar fayil ɗin ga wani abokin aiki, `rx` ya fi sauƙin karantawa bayan watanni. Idan kuwa sunaye ne tsayayyu ba rassa, `regexp-quote` yana tsare suna ɗaya, `regexp-opt` kuma yana haɗa jeri guda, sai dai shi ma ba ya ɗaure farko da ƙarshe, kai za ka ƙara.

Ga masu bi ta `M-x customize-variable`, ƙa'idar ta juya: a cikin akwatin da ake cikewa sanda ɗaya ake rubutawa, domin mai karanta Lisp ba ya tsakani. Kwafo rubutu mai sanda biyu zuwa can yana lalata shi.

8. Gwada kafin ka fita intanet

Sa alamar rubutu a bayan bakan ƙarshe na abin da ka rubuta ka danna `C-x C-e` domin ya fara aiki nan take. Sannan ka koma shafin `*scratch*` ka liƙa wannan, ka musanya adireshin da na jerinka guda biyu:

```
(require 'url)
(dolist (u '("http://localhost:8000/"
             "http://10.2.0.7/"
             "http://172.31.0.1/"
             "https://wiki.ofis.example/shafi"
             "http://172.32.0.1/"
             "http://104.16.0.1/"
             "https://baofis.example/"
             "https://elpa.gnu.org/packages/"))
  (let ((a (url-generic-parse-url u)))
    (message "%s => %s" u (url-find-proxy-for-url a (url-host a)))))
```

Ka gudanar da kowane ɓangare da `C-x C-e`, ka buɗe `*Messages*` da `C-h e`. Huɗun farko ya kamata su nuna `nil`, ma'ana kai tsaye za su tafi, huɗun ƙarshe kuma su nuna adireshin furoksin. Amfanin wannan gwajin shi ne yana kiran ainihin umarnin da Emacs yake yanke hukunci da shi, kuma ba ya haɗuwa da kowace saba, don haka amsarsa ba ta dogara da ko netwok na da lafiya a lokacin ba.

Idan wani layi ya ba da amsar da ba ta dace ba, ka ware guntun da ake zargi ka gwada shi shi kaɗai, misali `(string-match-p "\\`10\\.[0-9.]+\\'" "104.16.0.1")`. Gargaɗi: amsar `0` na nufin ya kama, tun daga harafin farko, `nil` ce kaɗai take nufin bai kama ba. Saƙon `Invalid regexp` kuma yawanci baka ne aka buɗe da `\\(` ba a rufe ba. Idan kana shakkar yadda Emacs yake ganin wani suna, `(url-host (url-generic-parse-url "…"))` zai nuna maka ainihin rubutun da ake gwadawa.

9. Ajiye, sake buɗewa, gwada da gaske

Wurin da ka sa saitin a fayil yana da tasiri. Dole ya zo kafin duk wani layi da ke fita intanet, kamar `package-refresh-contents` ko `use-package` mai `:ensure`, in ba haka ba Emacs zai tsaya cak yana jiran haɗuwa tun yana buɗewa. Ka rufe shi, ka sake buɗewa da `emacs --debug-init`, sannan ka gwada ɓangarorin biyu: `M-x eww`, mai buɗe shafukan intanet a cikin Emacs, zuwa wani shafi na cikin ofis, da `M-x package-refresh-contents` domin na waje. Idan wani ya maƙale, `C-g` zai dakatar da shi, kuma `(setq url-debug t)` zai sa a rubuta abin da ke gudana a shafin `*URL-DEBUG*`, inda za ka ga wurin da aka yi ƙoƙarin haɗawa.

Alamomin suna nuna inda kuskuren yake. Shafin kuskure daga furoksi a kan adireshin cikin gida na nufin rejeks ya yi tsauri, bai kama abin da ya kamata ba. Dogon shiru a kan adireshin waje na nufin ya yi sako-sako, ya tura buƙatar kai tsaye ta tarar da katangar tsaro. Kuskuren 407 kuwa ba na rejeks ba ne sam, furoksin ne yake neman suna da kalmar sirri.

Gargaɗi: da zarar ka sa layin `no_proxy` naka, Emacs ba zai ƙara duba na muhalli ba. Ba a haɗa su biyun. Duk sunan da ke cikin tsohon jerin dole ka kawo shi cikin sabon.

10. Manhajojin da Emacs yake kira daga waje

`url-proxy-services` yana shafar abin da ke bi ta ɗakin `url` ne kawai, irin su `package.el` da `eww`. Git ɗin da Magit (ƙunshin sarrafa Git a Emacs) yake kira, da curl mai sauke abubuwa daga intanet, da sabobin harsunan shirye-shirye, duk manhajoji ne masu zaman kansu da ba su san da rejeks ɗinka ba, kuma TRAMP, mai buɗe fayilolin wata kwamfuta ta ssh, shi ma hanyarsa daban. Waɗanda ke karanta muhalli sai a saita musu nasu a fayil ɗin:

```
(setenv "http_proxy"  "http://furoksi.ofis.example:3128")
(setenv "https_proxy" "http://furoksi.ofis.example:3128")
(setenv "no_proxy"    "localhost,127.0.0.1,ofis.example")
```

A nan duk ƙa'idojin da suka gabata sun sauya. Ana sa `http://` a gaban furoksi, ana raba sunaye da waƙafi, kuma babu rejeks ko kaɗan. Curl yana ɗaukar `ofis.example` a matsayin yankin da rassansa. Rubutu irin `10.0.0.0/8` curl ya fara gane shi ne daga fitowa ta 7.86.0 a 2022, saboda haka ka duba `curl --version` kafin ka dogara da shi. Ka rubuta `http_proxy` da ƙananan haruffa, domin curl ba ya karanta shi da manya. Idan Git yana da nasa `http.proxy` a cikin saitinsa, shi zai rinjayi `http_proxy` na muhalli, don haka ka duba da `git config --get http.proxy` kafin ka zargi abin da ka rubuta a Emacs.